Mai Wankan Gawa a Gidan Wasan Ruwa

Abin ga ya faru shekarar da anka ruhe gadar iyaka, lokacin da manyan motoci sunka jeru tun daga bakin duwan, wurin 'yan kwastan, har hanyar Gene, direbobi na shanya wanki bisa ƙyauren mota suna dahuwa ƙarƙashinta. Bayan babban ruwan da ya ci shinkafar Garu ne, amma tsohon limamin unguwarmu bai rasu ba tukuna. Jikata da ke rubuta mini wanga ta ce a sa shekara da lamba. Na ce ta riƙe lambarta, duk wanda ya zamna Malanbil ya san lokacin da nike magana.

Ni mai wankan gawa ce. Gwaggona ta koya mini tun ina goye da ɗana na biyu, kuma tun daga nan babu macen da ta rasu cikin unguwarmu, ko Bahausa ko 'yar Dandawa ko Bahillatar da ta zamna gari, da ban sa mata hannu ba, sai in ba ni nan. Aikin shina da dokoki da ba a faɗa ma mutum da baki. Ba ki zuwa sai an aiko. Mace guda za ta zo ta tsaya bakin ƙofa ta ce ana son ki gidan wane, ba ta ƙara komi. Abin da idonki ya gani ƙarƙashin zane, da shi za a binne ki. Kuma mutane na son su ga mai wanka da nauyi. In ana biki tana gehe. In an yi abin dariya ta murmusa ta kau da kai. Na gane haka tun da wuri, na riƙe shi har kaina ya yi fari, ban kuma taɓa jin an cuce ni ba. Na ɗauka haka kowa ke tsufa.

Ina da ƙawa guda. Damina ɗaya anka haihe mu a Garu, iyayenmu maza masunta ne masu jirgi ɗaya. Tun ba mu iya ɗaura zane ba muke iyo cikin Kwara da sauran 'yan matan Garu, mu ƙetare zuwa tsibiri mu sato gyaɗar wani tsoho, mu dawo da ita ɗaure bisa kai. Aure ya kawo mu Malanbil, ita da fari, ni daga baya. Ranar da na wanke uwarta, da na hito ɗaki, ta kama hannuna tun bai bushe ba ta ce in ta riga ni, ni zan wanke ta, kada in bari baƙon hannu shi taɓa ta. Na ce na ɗauka. Babbar ɗiyarta na tsaye wurin, budurwa a lokacin, ta ji da kunnenta. Shekarar da nike ba ku labari ƙawata na kwance gidan wagga ɗiya, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace, magana sai guda guda. Kowa ya san lokacin cika alkawalina ya matso.

Ɗana na biyu shina Kwatano, shi ke hiddo ma 'yan kasuwa kaya daga tashar jirgin ruwa. Da anka ruhe gada aiki ya tsaya mishi, sai ya tuna shina da uwa. Ya zo ya tarad da ni ina salla zamne, gwiwoyina sun ƙi lanƙwasawa, ya ce sai mun tahi kudu a duba ni. Na ce ba ni barin ƙawata. Ya je ya gaishe ta da kanshi, ya dawo ya ce ita ma ta ɗaga hannu ta ce in tahi. Munka shiga kar, babbar motar fasinja.

Lokotoron da ya duba ni a asibiti ya ba ni magani, kuma ya ce in rinƙa motsa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi. Rabona da in shiga ruwa ya wuce gwiwa tun kamin in fara wankan gawa. Matar aure ta je gulbi ta yi wanki ta dawo, iyo na yara ne.

Matar ɗana ce ta san wurin. Otel ne bayan gari, ta hanyar bakin teku, inda iyali ke zuwa su kwana su yi wasan ruwa. Ta ce yara na hutu, ga maganar lokotoro, a haɗa duka. Da anka buɗe muna ƙofar ciki, zahi da warin jabel, maganin da ake zuba ma ruwa, sunka buge ni tare. Ginin ruhe yake sama da ƙasa, ga gilashi can bisa da rana ke shigowa ba ta ƙona kowa, ga hayaniya kamar an tattara kasuwar Malanbil an zuba cikin ɗaki guda. Ruwa ko'ina, shuɗi. Na duƙa na ɗebo da tahin hannu na ga fari ne, ƙasan ne anka shahe. Akwai wani rahi da anka gina shina zagayawa, bai hito ko'ina ba, ba shi zuwa ko'ina, mutane kwance bisa robobi kamar na cikin tayar mota shina yawo da su. Akwai guga babba rataye da ke cika a hankali, in ya cika shi kihe bisa yara su yi ta ihu. Kuma akwai indararo manya masu murɗe-murɗe, mutum shi hau bene shi zamna ciki, ruwa shi sulalo da shi har ƙasa.

Ranar fari sunka zamnad da ni bisa kujera, sunka tara mini takalma da wayoyi da tawul. Ban daɗe ba na gane abin da anka kawo ni yi. Mai tsaron kaya ce ni. Na luluɓe da mayahina ina kallo, ina ce ma kaina wanga wuri na marasa aikin yi ne. Sai na ga wata tsohuwa 'yar kudu, ta girme ni, ƙiba ta hi tawa, an turo ta cikin keken marasa lahiya har bakin ruwa. Sunka kama ta sunka saukad da ita. Matar da ba ta iya tsayuwa bisa ƙasa na gan ta tana tahiya cikin ruwa ita kaɗai, daga wanga gehe zuwa wancan, tana ta magana da kanta. Na daɗe ina kallonta. Da matar ɗana ta hito shan ruwa na ce mata ta nemo mini abin shiga.

Bari in faɗi abin da na sa, don kanshi anka hi yi mini ƙarya. Wando baƙi har idon sawu, riga baƙa mai dogon hannu har gwiwa, da hula da ta ruhe kai da wuya. Huska da tahin hannu da sawu, su kaɗai ke waje. Ranar da nike zuwa kasuwa da zane da mayahi ban kai haka ruhuwa ba.

Na sauka a hankali ina riƙe da ƙarhe. Ruwan da ɗumi kamar wanda nike surka ma mai jego. Da ya kai mini ƙirji, gwiwoyina sunka sake ni. Ban san yadda zan faɗa ma wanda bai taɓa ɗaukar ciwo shekaru ba. Na lanƙwasa ta dama, ta lanƙwasu. Na lanƙwasa ta hagu. Na durƙusa har ruwa ya ruhe kaina, na tashi ba wanda ya kama ni. Daga nan hannuwana sunka yi abin da sunka sani, ban umurce su ba. Na ƙetare tabkin, na nutsa na hito can nesa. Ƙaton da ke tsaron wurin da usur a baki ya miƙe tsaye shina nemana, jikokina kuma sunka tsaya baki buɗe, don ba wanda ya taɓa gaya musu kakarsu ɗiyar gulbi ce. Ɗana ma ya manta.

Ba zan ce muku komi na wurin ya yi mini ba. Abincinsu soye-soye ne masu sanyi, na kwana ina mafarkin tuwon shinkafa da miyar kihi. Idona ya yi ja don jabel. Ɗakin kwana sun sa mishi sanyi kamar za a aje nama. Maza na yawo ciki waje ba kunya, sai mutum shi koyi inda za shi aje idonshi. In lokacin salla ya yi sai ka hita, ka sake kaya, ka hau bene har ɗaki. Kuɗin ko, ɗana ya ƙi faɗa mini, daga nan na san ba na faɗi ba ne. Amma kullum sahe ni ke fara tashi in jira a buɗe ƙofa.

Ranar da za mu tashi na kalli indararo. Ba babban ba, na tsakiya. Ba wanda ya ce in hau. Jikokina na can wajen guga, ɗana na magana da waya. Na kama ƙarhen bene na hau ɗai-ɗai ina hutawa, yara na wuce ni. Da na kai bisa yarinyar da ke tsaro ta dube ni ta dubi ƙasa, ta nuna mini yadda zan haɗa hannu bisa ƙirji. Na yi bisimilla na zamna. Ruwa ya kwashe ni. Ya murɗa ni dama ya murɗa ni hagu, sai na ji guɗa na tashi, irin wadda ake yi ma amarya, sai da na faɗa tabki na gane daga bakina ta hito. Na taso ina dariya har da tari. Matar ɗana na tsaye da waya ta ɗauke ni. Don murna ta ɗauka, don murna kuma ta aika ma dangi. Ban taɓa riƙe ta da shi ba.

Kamin kar ɗinmu ta kai Kandi, hoton ya riga ni shiga Malanbil.

Ba wanda ya zage ni. Na so a ce sun zage ni. Mata sunka zo barka da zuwa, sunka tambayi gwiwa, sunka tashi da wuri. Ba a daɗe ba wata tsohuwa mai saida ƙuli ta rasu bayan gidana. Na ji kuka, na ɗaura zanena na aiki, na zamna ina jiran a tsaya bakin ƙofa. Har anka wuce da makara ba wanda ya tsaya. Wata malama anka ɗauko daga wata unguwa, mai koya ma mata karatu. Ba ni da abin cewa kanta, ta san aikinta, hannunta da tsabta. Da anka sake yin wata rasuwa anka sake ɗauko ta, na daina ɗaura zane.

Na tahi duba ƙawata. Ɗiyarta ta tare ni tsakar gida tana auna albasa. Hajiya ce, dillaliyar albasa babba, ita ke gaban matan masallacinmu, kuma ni na yanke mata cibi. Ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujera, sannan ta faɗa mini abin da mata ke cewa. Wai ba maganar jiki ba ce kaɗai, ko da yake maza sun gani, har direbobin bakin gada na nuna ma juna. Wai macen da za ta yi guɗa bisa abin wasan yara, gari na kallo, ba a san abin da bakinta za shi iya saki ba gobe. Wai ba su iya kwantad da iyayensu tsirara gaban wadda samari ke dariya. Ta ce ita kanta abin na cinta, amma ba ta iya raba kanta da mutane.

"Inna, akwai mafita," in ji ta. "Ɗanki ya kira ni. Ran Juma'a in mata sun taru ki ce jikarki ce ta ji tsoro kinka hau ki riƙe ta, ba da son ranki ba. Kalma biyu. Ni zan ce na yarda, kowa ya yarda."

Na ce hoton ya nuna ni kaɗai.

Ta ce ba wanda za shi koma shi duba. Mutane ba gaskiya suke nema ba, suna son a ba su abin da za su riƙe su yahe.

Na tambaye ta in ban faɗa ba. Ta dubi ɗakin da uwarta ke kwance, ta dubi ƙasa, ta ce to ba ta san yadda za ta aiko mini ba.

Na shiga wurin ƙawata. Ta rame, ɗakin na warin man zahi. Da ta gan ni ta ɗaga hannunta mai rai ta nuna waya da ke bisa tabarma, ta jikarta. Ashe kullum sai ta sa an nuna mata. Anka kunna, munka kalla tare. Da guɗar ta tashi ɓarin bakinta mai motsi ya hau rawa, hawaye na zuba ido guda, sai da na tallabe ta kada ta shaƙe.

"Tsohuwar banza," in ji ta. Ta huta, ta sake tattara ƙarhi. "Da zurhi?"

Na ce bai kai na bayan tsibiri ba, ko kihi guda babu, ruwa ne da ba shi da uwa ba shi da uba. Amma da ɗumi, kuma shina ɗaukar nauyin mutum. Na ba ta labarin tsohuwar keke. Ta kalli ƙafarta da ta mutu.

Sai na gaya mata abin da ɗiyarta ta nema. Na ce ƙawa, in kin ce in faɗa, zan faɗa don ke. Na so ta ɗauke mini kayan, ko ta ce i ko ta ce a'a. Ta lumshe ido, ina jira, har na ji numfashinta ya sake, barci ya ɗauke ta. Ba zan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Ni kaɗai na yanke.

Ran Juma'a na tahi. Mata cike da rumfa, anka matsa mini wuri gaba, don labari ya riga ya zagaya cewa zan ba da haƙuri. Hajiya ta ce Inna na da magana. Na dafa sanda na miƙe na dube su ɗai-ɗai. Babu huskar da ban san uwarta ko kakarta ko 'yar'uwarta yadda Allah ya halicce ta ba. Na san wadda ta tahi da tabon duka, na san wadda ta ɓoye ciwo har ya cinye ta, na san wadda anka bari cikin dauɗa 'ya'yanta na yawo da zinariya. Duk sunka taso mini har maƙogwaro. Suna tsoron bakina, kuma ranar nan ne kaɗai sunka yi gaskiya da sunka ji tsoro. Na haɗiye.

Na ce: "Ba jika ta kai ni ba. Da ƙafata na hau, da bisimilla na zamna, a ruhe nike. Na ji daɗi. In anka sake kai ni zan sake hawa. Wadda ta taɓa jin sirrin mamacinta daga bakina ta tashi ta faɗa."

Ba wadda ta tashi. Ba kuma wadda ta ce na yi daidai. Wata can baya ta yi tsaki, Hajiya ta ce a ci gaba da karatu. Na ɗauki takalmana na hita. Ɗana ya kira ni ranar shina hushi, wai na ɓata abin da ya gyara. Na ce mishi ni na haihe shi, ba shi za shi zaɓa mini ƙaryar da zan tsufa da ita ba. Amma da na aje wayar na zamna bakin gado, na san abin da na saida, alkawalin ƙawata, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na ci gaba da zuwa duba ƙawata, ba a hana ni ba. Ina goge mata jiki, ina shafa mata mai. Ba mu sake tada maganar ba.

Ta rasu cikin bazara, bayan an gama cire albasa, wata sahiya mai zahi tun rana ba ta ɗaga ba. Ba wanda ya tsaya bakin ƙofata. Maza na gani sun wuce da magirbi da shebur, ɗanta na cikinsu, da ya gan ni ya sunkuyad da kai. Tunda nike ban taɓa shiga gidan rasuwa don aiki ba a aiko ba. Ranar na ɗaura zanena, na tsinko ganyen magarya bakin danga, na tahi.

Mata sunka buɗe mini hanya don ba su san abin da za su yi ba. Na wuce kai tsaye ɗakin, na zamna ƙasa wajen kanta. An ruhe ta da zanen da na sani. Hajiya ta shigo idonta kumbure, ta durƙusa kusa da ni ta yi magana ƙasa ƙasa don kada a ji waje. Ta ce an aika a ɗauko malama, in yi ma Allah in hita kada a yi abin kunya bisa gawar uwarta.

Na ce: "Ɗiyata, ba ni da ƙarhin faɗa da ke. Ga ni zamne. Ki kira wanda za shi ɗaga ni shi hidda ni."

Ba wanda ke ɗaga tsohuwa daga gaban gawa, ta san haka, ni ma na sani. Ta hita, ta dawo, ta turo ƙanwar uwarta ta lallashe ni. Na gaishe ta na yi mata ta'aziyya ban motsa ba. Rana na ta hawa. A zahin bazara ba a jinkirta mamaci, an gama gina kabari, maza sun cika ƙofar gida, liman ya aiko a tambaya ko an gama, an ce mishi ba a fara ba.

Malama ta iso bisa kabu-kabu. Ta shigo ta gan ni, ta gaishe ni ta kira ni Inna. Ta tambayi Hajiya ko marigayiya ta taɓa zaɓar mai wanke ta. Ta ce in marigayiya ba ta zaɓa ba, Hajiya ta faɗa, ita malama za ta fara yanzu ko ina zamne. Kalma guda ta rage ma Hajiya, mata na bayanta, ba mai ƙaryata ta sai ni, ni ko maganata ba ta da kuɗi ranar. Na dube ta. Ita ce ta ce mini kalma biyu ba su da wuya. Liman ya sake aikowa.

"Ta zaɓa," in ji Hajiya. "Ina wurin." Ta share ido da bakin mayahi. "Amma ni zan zuba ruwan. Ba ni hita."

Na ce dama ɗiya ta hi kowa cancanta. Malama ta ce za ta riƙe muna zane. Anka kawo ruwa, na taɓa da gwiwar hannu na ce a ƙara na zahi kaɗan, ƙawata ba ta son sanyi. Anka ja ƙyaure. Abin da ya biyo baya namu ne mu uku, da ita. Abin da zan iya faɗi shi ne, da na zo kitsa mata kai ruwan da Hajiya ke zubawa ya fara zubewa gehe, na kama wuyan hannunta na daidaita shi, ba ta janye ba. Kamin azahar an kai ta.

Kada ku zaci unguwa ta dawo gare ni. Ba ta dawo ba. Malama ake kira yanzu, kuma daidai ne, ƙuruciya gare ta. Ni sai jehi-jehi, Hillanin wajen Madekali da ba su damu da abin da ke cikin waya ba, ko gidan da ba su da abin biyan kabu-kabu. Har yau in na wuce tasha akwai samarin da ke yin guɗa ƙasa ƙasa. Ina tsayawa in ce musu ba su iya ba.

Mata kan zo su kaɗai, bayan sun duba ba mai ganinsu, su tambaye ni wai wurin ya cancanci a je. Masu ciwon baya, masu ciwon gwiwa, wata ma cikin waɗanda sunka yi shiru ran Juma'ar. Abin da nike ce musu, in yara za a kai, gulbi na nan kyauta, a haɗa su da babba mai ido. In don abinci ne ko don barci, ku zamna gida. Amma in akwai tsohuwa cikin gidan da jikinta ya yi mata nauyi, a kai ta ko sau ɗaya ne, kada kuma a ba ta tsaron takalma. Ta sa baƙin wandon ta shiga. In tana tsoron waya ta ce a aje waya. Ni ban ce ba, kuma da za a maida ni ba zan ce ba. Ɗana ya huce, ya ce in aiki ya kama za shi sake kai ni. Na ce mishi wanga karo babban indararon nike so in duba.

Cikin 'yan matan da munka yi iyo zuwa tsibiri, saura mu biyu, ni da wata a Garu da idonta ya tahi, 'ya'yanta na zamnad da ita bakin ruwa da marece. Ƙanwar ƙawata da anka turo ta lallashe ni ta bi yayarta damina mai zuwa, ba a aiko mini ba. Malama na nan, ta ƙara haihuwa. Hajiya na nan tana auna albasarta. In ta wuce ƙofata takan tsaya ta gaishe ni daga waje, ta aje 'yar albasa bakin danga, ba ta shigowa tukuna. Ni ma ina nan, ina salla zamne.